Waya a Aljihu, Gero a Rumbu: Darasin Karkarar Maraɗi

Da sanyin safiya ake yankan zogale a Jiratawa, tun rana ba ta ɗaga ba. Ganye ne da ba ya jira. Da zarar an cusa shi a buhu sai ya fara ɗaukar zafi daga ciki, in ya yini ya kwana ya yi yaushi ya soma kakkaɓewa, mai saye kuma ya sami hujjar karya kuɗi. Shi ya sa manomin da ke da salula a yau ba ya sa wuƙa sai ya ji ta bakin mai saye. Zai danna wayar da babban yatsa, ya kai ta bakinsa ya ce, "Hajiya, ina kwana? Buhu nawa za ki ɗauka yau, kuma nawa ya kwana a kasuwa?" Can sai amsa ta shigo, ita ma da murya. Ya kara wayar a kunne ya saurara har sau biyu, sannan ya san ko fangali uku zai yanka ko zai bar saura sai jibi. Bai rubuta harafi ko ɗaya ba, wataƙila ma bai taɓa zama a aji ba, amma ya yi aiki da intanet, ya kuma tsare guminsa daga asara.

Irin wannan ne ya sa hukumomi da ƙungiyoyin agaji suka ɗora dogon buri a kan fasahar sadarwa wajen raya karkara. A Nijar, inda kusan mutum takwas cikin goma ke zaune a ƙauye, hukumar ANSI ta fito da shirin haɗa ƙauyuka da intanet, a 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 domin kai layin waya ƙauyuka sama da 2,000 da faɗaɗa hada-hadar kuɗi ta salula. Buri ne mai kyau, ina kuma cikin masu goyon bayansa. Sai dai shekara ashirin da 'yan kai da salula ta yi a ƙasar sun koyar da abu guda da bai kamata a tsallake shi ba. Waya labari take kawowa, labari kuwa ba ya zama kuɗi a hannun manomi sai yana da ƙarfin yin aiki da shi, wato ya iya jira, ko ya kai kayansa wata kasuwa, ko ya ce yau ba zai sayar ba. Duk shirin da ya kafa eriya ya manta da wannan ƙarfin, ɗan kasuwa ne zai ci moriyarsa, mai noma kuma ya tsaya inda yake. Maraɗi da kewayenta sun isa shaida.

Maraɗi gari ne da sanin farashi ya gina. Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi a farkon ƙarni na 19 su suka mai da shi cibiya, zamanin Turawa ya zo da cinikin gyaɗa, bayan gyaɗa ta ja baya kuma Alhazan Maraɗi suka koma safarar kaya tsakaninsu da Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya har zuwa Kano. Jarinsu na farko shi ne kunne. Alhaji yana da yaransa a kasuwanni, yana da direbobin da ke dawo masa da labari, saboda haka ya san kuɗin gero a Tasawa da na wake a kasuwar Dawanau ta Kano kafin kowa ya sani. Manomi kuwa sai ya ɗora buhunsa a amalanke ya isa kasuwa sannan yake jin abin da ake ciki, a lokacin kuma ya riga ya biya kuɗin ɗauko, komawa da kaya gida asara ce ta biyu. Dillali ya san haka, shi ma manomin ya san dillali ya sani. Wannan rata ta sani ita ce salula ta fara rufewa da ta shigo Nijar a 2001.

An auna abin da ya faru. Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki a Amurka, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, tana kwatanta waɗanda layin waya ya isa da waɗanda bai isa ba. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, raguwar kuma ta fi yawa a kasuwannin da ke nesa da juna da masu munin hanya. Dalilin a fili yake. Ɗan kasuwan da a da sai ya hau mota ya ɓata yini kafin ya ji farashi, yanzu yana zaune a rumfarsa yake kiran kasuwa biyar, sai hatsi ya bar inda ya yi yawa ya nufi inda ake nemansa. Wannan alheri ne ga mai saye, musamman a ƙauyen da ke ƙarshen hanya. Amma da ita da Marcel Fafchamps suka juya suka dubi kuɗin da manomi kansa ke karɓa, sai labarin ya sauya. A wake bambancin ya ragu da kashi 6 cikin 100, a gero da dawa ba a ga sauyi ba, kuɗin da ke shiga hannun manomi kuwa, in aka haɗa aka raba, bai ƙaru ba.

Wanda ya san kaka a karkarar Maraɗi ba zai yi mamakin wannan ba. Watan da aka ɗaure damman gero shi ne watan da kowane bashi ke tashi. Wanda ya ba da rancen hatsi a tsakiyar damina ya zo karɓa, ga auren da aka ɗaga sai bayan girbi, ga kuɗin motar saurayin da zai tafi ci-rani, ga rashin lafiyar da aka yi ta daurewa. Kowa ya fito da gero a mako guda, tiya ta faɗi warwas. Manomi na iya kiran ɗan'uwansa a Yamai ko Agadas ya ji cewa can ta fi tsada, amma buhu biyu ba sa ɗaukar mota, mai bin bashi kuma yana tsaye a ƙofar gida. Wata bakwai ko takwas bayan haka, rumbu ya yi ƙasa, shi ɗin dai zai koma kasuwa ya sayi geron da ya sayar, da kuɗin da ya zarce nesa. A 2005, bayan fari da fara na shekarar da ta gabata, jihar Maraɗi da ake kira rumbun ƙasa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar, mafi yawansu a wannan jiha, alhali akwai hatsi jibge a kasuwa. Iyayen yaran sun san farashi sarai. Abin da suka rasa shi ne kuɗin saye a damina, domin sun rasa ƙarfin riƙewa a kaka.

Ke nan tambayar da ta dace a fara da ita ita ce, me ke ba manomi ƙarfin jira? Amsoshin suna nan a ƙasar Maraɗi tun kafin wayar shafawa ta zo. Akwai tsarin jinginar da hatsi, wanda wani shirin hukumar FAO ya yaɗa a Nijar daga ƙarshen shekarun 1990: manoma su tara amfanin gonarsu a sito guda, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiyarsu ɗaya a hannun asusun ba da rance, su karɓi wani kaso na darajar hatsin su biya buƙatun kaka, in farashi ya tashi su sayar su biya bashi su riƙe riba. Akwai buhun nan mai riɓi uku da ke hana ƙwari cin wake ba tare da magani ba, wanda masu binciken noma na cibiyar INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da Jami'ar Purdue. Akwai kuma Mata Masu Dubara, asusun mata da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda daga nan ya bazu ƙasashe da dama na duniya. Mata ne ke zama a tabarma duk mako, kowace ta zuba abin da aka yi alkawari a akwatin ƙarfe, a ƙirga da ƙarfi a gaban kowa, a ranta wa mai buƙata. A ganina nan ne ya kamata a dasa fasahar, a jikin abin da ya riga ya yi saiwa. Sito mai kwaɗo biyu da kowane manomi zai sami saƙo a wayarsa cewa buhunsa kaza ne a ciki, da farashin kasuwanni uku duk mako, ya fi sito da ake jiran shugaba ya zo ya buɗe littafi. Ƙungiya mai buhu ɗari biyu kuma in ta ji farashin Dawanau tana iya ɗaukar mota, abin da mai buhu biyu ba zai iya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da kuwa hannun yana riƙe da salula.

An ga yadda waya ke ƙara wa tsari mai kyau ƙarfi. A 2010, bayan wani farin, ƙungiyar Concern ta raba tallafin kuɗi ga mata a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, wasu hannu da hannu, wasu ta tsarin kuɗin waya na Zap na kamfanin Zain na wancan lokaci. Kuɗin ɗaya ne, amma gidajen da suka karɓa ta waya sun ci abinci iri-iri fiye da sauran da kashi 9 zuwa 16 cikin 100, yaransu kuma sun sami ƙarin abinci a yini. Matan ba su ɓata yini a tafiya da layi ba, kuɗin kuma ya shigo musu cikin sirri, wanda ya ƙara musu ta cewa a kan yadda za a kashe shi. Duk da haka ajiyar kuɗi a waya ba ta kama a Nijar kamar yadda M-Pesa ta kama a Kenya tun 2007 ba. Ɗan ci-rani ya fi sakin jiki da ofishin aika kuɗi na Nita ko Al Izza, inda zai ga mutum ido da ido, ya karɓi takarda. Wannan ba duhun kai ba ne. Kuɗin waya ba shi da amfani ga matar da sai ta yi tafiyar rabin yini kafin ta sami wakilin da ke da tsabar kuɗin ba ta. Mai son kuɗin waya ya shiga ƙauye, sai ya fara da samar da wakili amintacce a kasuwar mako.

Jiratawa na nuna wani gefen. Tun farkon shekarun 1980 aka shimfiɗa mata filin noman rani na sama da hekta 500 a kwarin Gulbin Maraɗi ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, injina na jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse, manoma kuma suna haɗa kuɗin ruwa da na wuta ta hannun ƙungiyarsu. Wani ɗan Nijar, Abdou Maman Kané, ya ƙirƙiro na'urar da ke kunna injin ban-ruwa da kashe shi ta kiran waya, har ta ci masa babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan na Biyu a 2015. Abin alfahari ne, yana kuma da amfani ga mai babban lambu da ke zaune a birni. Amma mai ɗan fili da ke kwana kusa da fangalinsa, buɗe ruwa ba shi ne damuwarsa ba. A duk inda mutane da yawa ke shan ruwa ɗaya suna biyan kuɗi ɗaya, abin da ke rusa tafiya shi ne zargi: wa ya biya, wa bai biya ba, awa nawa injin ya yi, ina kuɗin gyara ya shiga. Ma'aunin da ke rubuta aikin kowane inji, da shaidar biya da ke shigowa wayar kowane manomi nan take, ba su da ƙyalƙyali, amma su ne ke tsare amana, amana kuwa ita ke sa a biya kuɗin ruwa a kan lokaci. Haka nan wajen cutar shuka. Cibiyar RECA ta majalisun manoma tana da layin kira da zaurukan WhatsApp inda manomi zai ɗauki hoton ganyen tumatirinsa da ya nannaɗe ya aika, malamin gona ya amsa masa da murya cikin Hausa. Malaman gona sun yi kaɗan ƙwarai a kan yawan manoma, wannan hanya kuwa tana sa amsa ɗaya ta isa kunne ɗari.

A Tibiri, inda Gobirawa suka kafa sarautarsu tun wajen 1836 kuma fadar Sarkin Gobir take har yau, abin da ya fi tsada shi ne ƙasa. Jihar Maraɗi ta haura mutum miliyan 3.4 a ƙidayar 2012, gonaki a kudancinta sun tsuke, gandu yana ta rarrabuwa a gado, gamanar da ake ba mace ta noma kuma ita ake fara karɓewa in wuri ya ƙure. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda daga baya suka kai har matakin ƙauye, inda mai gari da shaidu ke sa hannu a takardar saye ko kyauta ko aro ko jingina. Takardar nan a cikin akwatin ƙarfe ko jakar leda take kwana, gara na ci, ruwa na jiƙawa. Mutanen kwarin gulbi sun san aikin ruwa, domin ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin Maraɗi ya hau tudu, ta 2024 ma ta rusa gidaje masu yawa a yankin. Ɗaukar hoton kowace takarda, da alamar iyakar gonar a taswira, a ajiye a ofishin magajin gari da fada, aiki ne mai sauƙin kuɗi da zai kashe shari'u da dama tun ba su taso ba. Sharaɗinsa shi ne a yi shi a bainar jama'a, a karanta da Hausa a gaban maƙwabtan gona, domin in aka yi shi a ɓoye kwamfuta za ta tabbatar wa mai ƙarfi abin da ya ƙwace ne kawai.

Akwai masu cewa duk wannan gaggawa ce, wanda bai da rijiya da hanya da taki me zai yi da intanet. Maganarsu tana da nauyi, kuma binciken da aka ambata ya goyi bayan rabinta, tunda waya ba ta ɗaukar buhu. Sai dai ba a cewa a zaɓi ɗaya. Hanyar da aka shimfiɗa ta fi amfani in mai mota ya san ƙauyen da kaya ke jiransa, takin da aka kawo kuma ya fi isa ga mai shi in sunansa na rubuce inda ba a iya gogewa. Wasu kuma na cewa jama'ar ba su yi karatu ba. Gaskiya ne manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai rabi ba, mata kuma sun fi yawa a cikin waɗanda ba su iya ba, sun kuma fi ƙarancin mallakar waya. Amma saƙon murya ya riga ya rage wannan shinge, kuma wani gwaji da aka yi a azuzuwan yaƙi da jahilci a jihohin Doso da Damagaram ya nuna cewa manyan da aka koya wa aiki da salula tare da karatu sun fi sauran ci a jarrabawar rubutu da lissafi, don sun sami abin da za su riƙa yi da karatun kullum. Waya ɗaya a hannun asusun mata talatin ta isa farawa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na wuta da na tsaro. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a ƙasar, a ƙauye kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Shi ya sa a kasuwar ƙauye za ka ga rumfar mai caji, farantin hasken rana a jingine a kan rufi, wayoyi jere a kan tebur kowace da ɗan ƙyallen shaida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har da layin da ke zuwa Maraɗi daga Katsina, aka rufe iyaka tsawon watanni, masu ba da tallafi da dama kuma suka dakata. Duk tsarin da rayuwarsa ta rataya a kan wutar waje da kuɗin waje ya ji a jikinsa, wanda ke kan hasken rana da kuɗin membobinsa ya ci gaba. A ɓangaren tsaro kuwa, mutanen Madarunfa da Gidan Rumji sun san cewa wayar da ke kawo farashi ita ce masu garkuwa da mutane ke neman kuɗin fansa da ita. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda haka, amma ta'asar ba ta ƙare ba, talakan da ke son kiran taimako ko aika wa iyalinsa kuɗi shi ya shiga duhu. Maganin mugun amfani shi ne hukunci da wayar da kai, da tabbatar da cewa shawarar maganin ƙwari da ke yawo a waya daga bakin wanda ya sani ta fito.

Karkarar Maraɗi ta taɓa nuna wa duniya yadda sabon abu ke kama ƙasa. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki a yankin, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara itatuwa ne masu rai, in aka bar tsiro ɗaya ko biyu aka gyara su za su tashi. A yunwar 1984 an ba mutane abinci don su gwada, da rabon abincin ya ƙare da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari suka sami itacen girki da abincin dabbobi, gero kuma ya yi kyau a gindin gawo, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Wannan aiki da ake kira sassaben zamani ya bi gona-gona har ya rufe kimanin hekta miliyan 5 a Nijar da itatuwa wajen miliyan 200. Ya ɗore ne don manomi ya ga ribarsa da idonsa, kuma abin yana hannunsa. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna kowane shirin fasaha da za a kawo Jiratawa ko Tibiri. Yawan eriya da yawan wayoyin da aka raba ba su ne hisabi ba. A jira kaka ta zo, a je a duba ko manomin da ya ji farashi a wayarsa ya iya mayar da ita aljihu, ya rufe rumbunsa, ya ce wa dillali sai bazara.